Saƙon Baba a Kan Kaset ɗin Mai Gita

Kaset ɗin kyauta aka ba ni. Wani abokina ne ya ba ni, wanda muka yi kolej tare a Madawa, muka kuma faɗi jarrabawa tare. Shi Kirista ne, daga baya ya sami aiki a asibitin mishan, a ɗakin da ake duba jini. Wani likita Bature da ya gama wa'adinsa zai koma ƙasarsu ya bar masa kwali guda cike da kaset, kusan duka waƙoƙin majami'a. Guda ɗaya ne kawai ya fita daban. Ranar da abokina ya sa shi a gida, uwarsa tana tankaɗe, ta saurara kaɗan, ta ajiye rariya ta ce ko dai wannan abu ya bar gidan ko ita ta bari. Da na biya ta wurinsa wata ranar kasuwa sai ya cusa mini shi a aljihu, ya ce in tafi da shi can cikin duwatsun Keita inda ba ni da uwa kusa.

Shi ne ya ba ni labarin mai kiɗan, yadda shi ma ya ji daga bakin likitan. Wai wani makaɗin gita ne da ya yi shekaru cikin wata ƙungiya ta mutum biyar, suka yi suna har a ƙasashen da ba su taɓa takawa ba. Rana ɗaya ya ce ya gaji, ya ware, ya ɗauki makaɗa na haya, ya ci gaba da sunansa shi kaɗai. An ɗauki kaset ɗin ne a wani babban ɗakin taro gaban jama'a, shi ya sa ake jin mutane a ciki, ihu da fito da tafi mai yawan da ban taɓa jin irinsa ba. Tsakanin waƙa da waƙa mai gitar yakan tsaya ya yi wa jama'a magana da Ingilishi, wanda ba na jin ko kalma ɗaya, su kuma da ya rufe baki sai su ɓarke da tafi kamar ya yi musu albishir da aljanna.

A lokacin ina aiki a Keita, shekara biyu bayan babban farin nan, a wurin rainon itatuwa na aikin raya ƙasa da aka buɗe. Aikina cika ledoji da ƙasa da taki, da shayar da 'ya'yan bagaruwa da dogon yaro safe da yamma. Na sayi wani tsohon manyeto, wato injin sa kaset, a hannun wani direban kamyo, babbar motar kaya, injin mai cin pil, wato batir, shida a lokaci guda, murfinsa kuma sai an tokare shi da tsinken ashana. Kaset ɗina ɗaya ne tak, don haka na san shi kamar yunwar cikina. Don kada pil ya ƙare, da bik, biron rubutu, nake mayar da kaset ɗin baya, ina juya shi a sama kamar mai kaɗi. Ko ban kunna ba, in na dubi yawan zaren da ya rage a gefe ɗaya zan gaya maka inda aka kai: nan zai yi magana, nan mai ganga zai yi haukarsa shi kaɗai, nan kuma wurin da nake so.

Wurin da nake so yana fuska ta biyu, kusa da ƙarshe. Waƙa ce mai sanyi. Jama'a sukan yi tsit, gita ta fara a hankali kamar mai goge yana gwada tsirkiya kafin taro ya cika, sannan ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har ka ji tsikar jikinka ta tashi. Abzinawa biyu da muke ɗaki ɗaya da su sun ce mutumin ya iya, amma gaggawa ta yi masa yawa, yana kiɗa kamar wanda kare ya biyo. A wannan waƙar kaɗai sukan daina surutu su bar shayi ya yi ta tafasa.

Ƙauyenmu yana kusa da Tabotaki, cikin ƙasar Buza. Babana manomin gero da dawa ne, bai taɓa wuce Tawa ba. A gida ba shi da yawan magana, amma in ya fara jawabi ba ya sanin hanyar fita. Mutanen gari sun san haka, don haka a duk taron da ya gyara murya sai wani ya tuna yana da akuya a daji, wani ya ce lokacin salla ya yi. Ban taɓa ganin an bar shi ya kai ƙarshen zance ba. Yayana kuwa, ɗan farin gidanmu, yana Abijan bida, wato neman kuɗi, kamar yawancin mazan Adar. Yana da tebur na sigari da alewa da ashana. Sauran sukan dawo kafin shuka su koma bayan girbi, shi kuwa damina uku ke nan bai zo ba. Ya bar matarsa da ciki, ga yarinyar har tana gudu a tsakar gida bai taɓa ganinta ba.

Ƙarshen rani na sami hutun kwana uku na tafi gida, na yi kuskuren tafiya da manyeto don in burge 'yan matan gari. Ran da na isa, bayan la'asar, Baba ya kira ni zaure. Na tarar da shi tare da wani ɗan garinmu mai sayar da agogo da tabarau a Abijan, wanda zai kama hanya da asuba. Baba ya ce ya ji ana aika magana cikin irin wannan abin nawa, yana so ya yi wa wancan, wato Yaya, magana da bakinsa, tunda wasiƙun da nake rubutawa ba su da haƙora.

Na ce ba ni da kaset marar komai, kasuwar Tabotaki kuma sai bayan kwana huɗu. Ya tambaya wanda ke ciki fa. Na ce ai shi ba ya ɗaukar magana, an karya masa kunnuwa, na ciro na nuna masa ramukan biyu a bayansa. Na ɗauka na tsira. Sai mai agogo ya karɓa, ya yage gefen takardar sukari, ya dunƙule ya cusa a kowane rami, ya miƙo mini yana murmushi, ya ce su a Abijan haka suke yi kullum. Ban taɓa tsanar wayewar wani mutum kamar ta ranar ba.

Ba a ce wa uba a'a, amma ana yi masa dabara. Na ce a ba ni ɗan lokaci in gyara injin, na koma bayan rumbu na zauna ina tunani. Abin da na gano shi ne, akwai wurare a kaset ɗin da ba zan yi kukan rashinsu ba. Maganganun mai gitar ba na jin su, haukar mai ganga kuma ciwon kai take sa ni. In na zuba Baba a waɗannan guraben, waƙoƙin za su tsira, in ya so daga baya Yaya ya aiko mini da abina. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Ko kaɗan ban tuna abin da ke biyo bayan kowace maganar mai gitar ba.

Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ko da yake na gaya masa injin ba ya gani. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya fuskanci manyeto kamar yana gaban alƙali. Farkon kaset ɗin wurin gaisuwar mai gitar ne, nan na danna masa jan maɓallin ɗaukar magana. Da yake ba ya faɗin sunan ɗan fari, sai ya fara da sallama, ya gaida duk wanda ke kusa, sannan ya ce:

"Kai wanda ka san kanka, ka saurara. Damana ukku ke nan ban ga ƙeyarka ba. Gona ba ta noma kanta. In kana da uba, to ga shi nan shina magana."

Ya ɗauko wani karin magana, yana tsakiyarsa na ga zare ya kai iyakar gurbin. Na danna na tsayar, na ce injin ya yi zafi, sai ya huta. Na ciro kaset na yi ta juya shi da bik har na wuce waƙa biyu, ina hura masa iska don a ga aiki nake. Da na mayar, Baba ya sake sallama daga farko, ya sake gaida duk wanda ke kusa, rabin gurbin ya tafi a gaisuwa. Haka muka yi sau huɗu. Mai agogo ya ce shi bai taɓa ganin manyeto mai saurin zafi irin wannan ba, na ce ai na Keita ne, duwatsu sun ɓata shi. A gurbi na ƙarshe Baba ya ga dai ba za a bar shi ya yi nisa ba, sai ya tattara ƙarfinsa wuri ɗaya. Sama fes take a ranar, ko gajimare babu, amma ya ce:

"Damana ta taho, ga ta bakin ƙohwa. Wanda bai shuka da mutane ba, shi ci da tsuntsaye. Na hwaɗi, na ƙare."

Inna na ba ta wurin mai ganga, don ya fi tsawo. Ita kunyar ɗan fari ta fi ta Baba tsanani, ba ta yarda ta yi masa magana ko ta cikin inji ba. Ta juya wa manyeto baya, ta dubi bango, ta ce in gaya wa mutanen can cewa wance ta haihu, wane ya rasu, wane ma ya rasu, rijiyar gabas ta rufta, jar akuya ta haifi biyu ɗaya ya mutu. Ba ta ce ya dawo ba. Ta dai ce ɗakin da ke kusa da turke yana yoyo, ita kuma ba ta san mai shi ba.

Saura matar Yaya. Ni da ita akwai wasa, tana kirana ɗan lakwal, wato ɗan boko, ina kiranta uwargida. Gaban surukai ba za ta buɗe baki ba, sai da ta ga sun watse ta yafito ni bayan rumbu. Gurbi ɗaya ya rage mini, ƙarami, 'yan kalmomin da mai gitar yake faɗi kafin waƙata mai sanyi. Na ce mata numfashi ɗaya take da shi, kada ta yi gaisuwa. Ta murza bakin zane, sannan ta matso da bakinta ta ce:

"Ɗiyarka ta hwara magana. Jiya ta ce ma mai saida kananzir Baba."

Ta tashi ta koma wurin turmi. Baba ya so a sa masa ya ji muryarsa, na ce pil ya kusa mutuwa. Na naɗe kaset a leda tare da 'yar takarda da na rubuta da Faransanci, cewa Yaya ya saurara shi kaɗai, kuma don Allah ya maido mini. Na san Yaya bai yi boko ba, amma na ce ai zai sami mai karanta masa. Daga baya na ji cewa mai agogo ya ƙunshe goro da takardar tun kafin su kai Madawa.

Na koma Keita na yi sati biyar ba kiɗa. Ran nan wani direba ya kawo mini saƙo cewa Baba ya ce in zo yau yau, in taho da injin. Na ɗauka rasuwa aka yi. Na hau bayan kamyon duwatsu, na sauka na ƙarasa da ƙafa. Da na shigo gari sai na hangi mutum bakwai zaune gindin gawon ƙofar gidanmu, da riguna masu furanni irin na Abijan, har da mai baƙin tabarau. Yaya yana cikinsu. Suka dubi sama, suka dube ni, ba wanda ya amsa sallamata da kyau. Ƙasa a bushe take ƙamas, awaki suna lasar duwatsu.

Yaya ne ya ba ni labarin a taƙaice, sauran suna cike masa inda ya rage. A Abijan 'yan garinmu ɗakuna biyu suke haya, su wajen ashirin, kuma in kaset ya zo daga gida ba a ɓoye shi, kowa yakan zo ya ji ko an ambaci nasa. Aka taru, aka sa. Baba ya yi sallama aka amsa masa, ya yi faɗa aka sunkuyar da kai, ya shiga karin magana sai ƙit, ya ɓace, wata ƙara ta taso shaaa, ta cika ɗakin. Kiɗan da ya biyo baya kowa ya gane shirmen ɗan lakwal ne, da an zo wurin sai a tura gaba. Amma ƙarar nan manne take da maganar Baba, duk inda ya tsaya sai ta taso. Da aka kai inda ya ce damina tana bakin ƙofa, ya faɗi ya ƙare, sai ta zo da ƙarfin da ya fi na baya, har da rugugi a ƙarƙashinta.

Wani dattijo a cikinsu, wanda ya fi kowa daɗewa a can, ya ɗaga hannu ya ce a mayar. Aka mayar. Ya ce wannan ruwa ne bisa rufin kwano. Ya ce tabbas a rumfar lakwal aka ɗauki maganar, don ita kaɗai ce mai kwano a garin, ihun da ake ji kuma yara ne ke murnar ruwan farko, rugugin nan kuwa ba sai an gaya wa ɗan Adar ko mene ne ba. Wani saurayi da yake sayar da ruwan sanyi a filin ƙwallo ya ce shi dai tafi yake ji, tafin mutane masu yawa. Dattijon ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, a duk ƙasar Buza wa zai tsaya ya tafa wa wannan tsoho, mutumin da ko liman ba ya bari ya gama zance. Saurayin ya yi tunani ya ce gaskiya ne, ruwa ne.

Washegari bakwai suka bar teburansu a hannun 'yan uwa suka kama hanya. Kwana huɗu suna tafiya. A kudu sun ga ruwa ko'ina, hankalinsu ya ƙara tashi, suna cewa an riga an gama shuka. Suna yin arewa ƙasa tana ƙara fari. A tashar Madawa suka tambayi wani mai shayi kwana nawa da yin ruwa a Buza, ya ce in bai manta ba wata bakwai.

Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, Baba ya zauna, maƙwabta suka cika ƙofa. Ya ce in sa abin. Na tokare murfi da tsinke na danna. Muryar Baba ta fito, ya ɗan gyara zama, don bai taɓa jin kansa ba. Aka kai wurin karin magana, ƙit, sai tafi. Na sunkuyar da kai ina jiran sanda. Ba abin da ya sauka. Da na ɗago sai na ga Baba ya karkata kunne, idonsa a kan injin.

"Maido shi baya," ya ce.

Na mayar. Sau uku yana sa ni mayarwa. Sannan ya tambaye ni mene ne wannan, na faɗi gaskiya duka, tun daga likita har zuwa zafin ƙarya da na ɗora wa manyeto. Ya tambaya mutanen su nawa ne. Na ce ban sani ba, amma sun fi kasuwar Madawa ranar da ta cika. Ya tambaya ko duk sukan yi shiru har mutumin ya gama maganarsa. Na ce sukan yi. Ya juya ya dubi maƙwabtan da ke bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka fara duban ƙafafunsu.

Daga nan ya koma kan mai gitar. Ɗan wa ne, yana da gona, me ya raba shi da abokansa. Na gaya masa iyakar abin da na sani, cewa su biyar ne da, ya ware ya koma shi kaɗai. Baba ya ce ashe gandu ya raba. Ya saurari ɗan kiɗan kaɗan, fuskarsa kamar mai shan maɗaci, ya ce ai ga alama nan, duk wanda ya fita gandu dole ya yi ta ƙara don a san yana nan. Yana faɗi yana kallon Yaya, Yaya kuma yana kallon tabarma.

Mutanen shida suka ce su dai a bi musu hakkinsu, an taso su daga neman abinci a kan ruwan ƙarya. Baba ya ce shi bai yi ƙarya ba, ya ce damina tana bakin ƙofa, bai faɗi ƙofar wa ba. Tunda Allah ya kawo su, ga sassabe, ga rijiyar gabas da ta rufta. Ni kuma ya yanke cewa duk Lahadi in zo daga Keita in shiga ramin rijiyar, su suna sama suna jan guga. Kaset kuwa ya ce nasa ne, tunda muryarsa ce a ciki.

Aka ci gaba da saurare har fuska ta biyu. Ana gab da wurin matar Yaya sai Yaya ya yi wuf ya danna, ya ce pil ya mutu. Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce wannan injin ya iya zaɓen lokacin ciwonsa. Amma ɓoyon bai yi amfani ba, don shidan nan sun riga sun ji tun a Abijan, kuma tun daga can har gida, ƙasa uku, da mai kananzir suke kiransa.

Da matar Yaya ta ji cewa maza ashirin sun saurari maganarta, kwana biyu ba ta dube ni ba, tuwona ma a ƙasa take dangwarar da shi. Ran Lahadi na fito daga rijiya jikina duk laka, ta tare ni ta ce ta karɓo kaset daga wurin Inna, in goge mata abin da ta faɗa yanzu yanzu. Na ce ba a gogewa sai dai a ɗora wani abu a kai. Ta ce a ɗora daka. Na saita mata daidai wurin, na ajiye manyeto kusa da turmi, na ce ta buga taɓarya sau goma kawai ta danna wannan baƙin. Sai aka ƙwala mini kira daga rijiya wai igiya ta tsinke. Da na dawo na tarar tana ta lugude, har da tafa hannu tsakanin bugu, injin yana ta juyawa. Ta ce ita ba ta iya barin gero rabin daka. Waƙata mai sanyi, wadda saboda ita na yanka ubana gida huɗu, ba abin da ya rage sai wutsiyarta.

Da yamma ina zaune kan kututture ina jimami, Yaya ya zo ya zauna kusa da ni da 'yarsa a kafaɗa. Kwana uku yana ba ta alewa kafin ta yarda ya ɗauke ta. Ya ce zai gaya mini wata magana amma ta tsaya nan. Ya ce shi tun bugun farko ya san tafi ne, don ya sha kafa teburinsa a ƙofar gidajen rawa, ya san ƙarar kamar ya san sunansa. Na ce to me ya hana shi faɗi. Ya ce da ya ji zancen mai kananzir, ga kuma wannan kiɗan ya biyo baya kafin a kai ga turawa, sai ya ji ba zai iya ƙara kwana ba.

"Amma in na taso ni ɗai, mi za a ce? A ce magana guda ta mace ta ɗauko ni. Da dattijo ya ce ruwa ne, sai na ce lalle ruwa ne, har ina jin ƙamshin ƙasa."

Na ce ya san ya jawo wa mutum shida asarar wata guda, ni kuma ga ni cikin rami. Ya ce hanya tana da nisa, mutum yana son abokan tafiya.

Ruwa bai zo ba sai bayan kwana goma sha takwas. Kafin nan an gama rijiya, an yaɓe ɗakin da ke kusa da turke, gonakin bakwai ɗin nan kuma sun fi na kowa sharewa, don ba su da abin yi sai shara da zagina. Aka yi shuka. Yaya ya tsaya har girbi, gero ya yi daidai gwargwado. Da zai koma ya tafi da matarsa da 'yarsa, abin da ba a saba yi ba a garinmu a lokacin. Inna ta ɗaure musu kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa har ƙullin ya fi yarinyar nauyi.

Da rani ya zagayo, Baba da kansa ya je kasuwar Tabotaki ya sayo sabon kaset cikin ledarsa, ya aika a kira ni. Wannan karon ba zafi ba hutu, na sa sababbin pil, ya yi magana tun daga farkon fuska ɗaya har ta ƙare, ya kai ƙarshen kowane karin magana, har ya ƙara da waɗanda bai samu faɗi bara ba. Ya ce a mayar ya ji. Muka zauna muka saurara duka. Da ya kai wurin da ya ce ya faɗi ya ƙare, sai shiru, sai kukan wata kaza can nesa. Baba ya jira kaɗan, ya ɓata fuska, ya ce wannan kaset ɗin bai kai wancan kyau ba, an cuce shi.

Na yi masa bayani a hankali cewa mutanen ba a cikin kaset ake sayo su ba. Ya ce to a juya ɗaya fuskar, ya sake faɗin ƙarshen, mu kuma mu yi abin da ya kamata. Ya aika aka kira maƙwabcinmu da wani baƙo da ya tsaya shan ruwa. Ya leƙa cikin gida ya kira Inna, ta ce ita tana da tukunya a wuta. Na danna ja, Baba ya gyara murya ya faɗi, ya ƙare, ya ɗaga mana gira. Mu uku muka tafa, baƙon yana tambayata a kunne ko biki ake yi.